Ajiyar Malam

Har yau idan aka ƙunso mini ƙosai ko gyaɗa a takarda, ba na yar da takardar sai na warware ta na duba rubutun da ke jiki. 'Yata ta sha yi mini magana a kai. Yawanci tsohuwar jarida ce, ko takardar jarrabawar wani yaro da mai ya jiƙa. Rubutun mijina nake nema, ƙananan baƙaƙe masu karkata hagu, da shuɗin biro. Na san ba zan gani ba. Garin da na rabu da takardunsa yana da nisa da nan, kuma an fi shekara ashirin.

Ni 'yar Kabo ce, shi ɗan Gwarzo. Karatuna bai wuce kwalejin horon malamai ba, da shi nake koyar da 'yan firamare. Lokacin da aka kai ni gidansa yana koyar da falsafa a wata jami'a, muna zaune a gidajen ma'aikata. Malam nake kiransa, kamar yadda ɗalibansa ke yi. Ban san mece ce falsafa ba, sai wata rana muna cin tuwo na tambaye shi.

Ya ce, "Kin san fartanyar Baba da ke rataye a zauren gidanmu?"

Na ce na sani.

"Ƙotarta ta karye tun ina makaranta, aka sa sabuwa. Bara ruwanta ya cinye, Yaya ya kai maƙera aka sa wani. To, fartanyar Baba ce har yanzu?"

Na ce, "Ta wanda ke noma da ita ce. Ci tuwonka kafin ya huce."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya tashi ya wanke hannu, ya ɗauko littafin rubutu, ya rubuta abin da na faɗa, sannan ya dawo kan tuwon.

Irin waɗannan littattafan rubutu, masu bango mai kauri na 'yan sakandare, su ne suka taru har suka cika kwali guda. Littafi yake rubutawa a kan alkawari. Yadda na fahimta, yana so ya san abin da ke ɗaure mutum da maganar da ya yi shekaru da suka wuce, alhali jikinsa ya sauya, ra'ayinsa ya sauya, wani lokaci ma wanda aka yi wa alkawarin ya manta. Shekara tara yana kai. Yakan karanta mini wani wuri in ina tsintar shinkafa, in na ce ban gane ba sai ya ja layi a ƙarƙashi ya ce laifinsa ne.

Shekarun nan na tsuke bakin aljihu sun taɓa kowa, amma a gidajen jami'a abin ya zo da wata irin kunya. Albashi ba ya kai tsakiyar wata. Muka koma girki da gawayi a bayan gidan da aka gina da wurin sa murhun gas. Wani babban malami da ke layinmu ya mayar da motarsa ta haya, in ya hango ɗalibinsa a bakin titi sai ya wuce. Wasu suka tafi ƙasashen waje, wasu suka cika bayan gida da kaji. Ga yajin aiki, a tafi wata da watanni ba a shiga aji ba. Malam ya ce mini rabon ɗakin karatunsu da sabon littafi a fanninsa tun yana ɗalibi.

A wani dogon yajin aiki ne ya fara zuwa Kano wurin abokinsa na sakandare, wanda kowa ke kira Injiniya. Injiniya ya kama ɗan shago ya sa kwamfuta uku, yana so ya kafa kamfanin da zai riƙa tsara wa makarantu da shaguna yadda na'ura za ta yi musu aiki. Malam ya je kallo ne don zaman gida ya ishe shi. Bayan sati uku ya dawo da wata tsohuwar kwamfuta da Injiniya ya ara masa, da hasken ido irin wanda na daɗe ban gani ba.

Ya ce, "Ashe mantiƙin da nake koya wa yara suna hamma, shi ne abincin wannan abar. Idan kaza, to kaza. In ba haka ba, kaza. Bambancin kawai, ita in ka yi kuskure nan take za ta gaya maka, ba sai ka jira shekara tara ba."

Wasu ranakun da yamma nakan gan shi a gabanta da ɗaya daga cikin littattafan rubutun a buɗe a gefe, yana bugawa da yatsa biyu. Sau nawa na gani, ba zan iya rantsuwa ba. Na daɗe ina ƙirgawa a raina, wani lokaci in samu uku, wani lokaci biyar.

A wannan shekarar aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Mun yi murna kamar kowa, don mutane sun gaji, suna fatan a samu gyara. Amma da muka je gida hutun Sallah na tarar kalmar falsafa ta yi nauyi a bakin mutane. Yaya, wan Malam, ya saba tsokanarsa da Malam mai tambaya, to wannan karon da ya faɗa ba wanda ya yi dariya. Wani a majalisar ƙofar gida ya ce ilimin masu gardama da Ubangiji ne. Malam ya ce masa malaman zaure ma suna karanta mantiƙi tun kafin a haifi kakanninmu, aka bar maganar a nan. Da la'asar surukata, wadda muke kira Inna, ta ja ni bayan rumbu.

Ta ce, "Ke da kike kwana ɗaki ɗaya da shi, gaya mini gaskiya. Abin nan da yake rubutawa, babu saɓo a ciki?"

Na ce mata babu, mutumin da Asuba ba ta wuce shi a jam'i. Ta ce Alhamdu lillahi. Ta yarda, amma ni da na ba ta amsar sai tambayar ta zauna mini a ciki.

Bayan an koma aiki da wata biyu Malam ya ajiye aikin jami'a. Bai yi shawara da kowa ba sai ni, ni kuma ban hana ba. Dole mu bar gidan ma'aikata. Aka shirya ni da yara mu zauna a gidansu a Gwarzo, shi ya riƙa kwana a shago a Kano yana zuwa ƙarshen mako. A-kori-kura ɗaya muka ɗauka.

Da hantsi ranar tashi, kaya sun kusa cika mota, na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado. Malam yana durƙushe yana ɗaure katifa da igiya.

Na ce, "Malam, littafin naka fa?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Na ajiye shi."

Na dubi kwamfutar da ke naɗe cikin bargo a bakin ƙofa. Na taɓa jin shi da Injiniya suna cewa a ajiye aiki a ciki kafin a ɗauke wuta. A wurinmu kuwa ajiya ba ta ɓata, abin da ka ba wa amintacce ne, ka dawo ka same shi yadda ka bar shi. Sai na ce, "To in ba maƙwabciyarmu takardun? Ta daɗe tana neman na ƙunshin ƙosai."

Ya ja igiyar ya ƙulle. Ya ɗan jima. Ya ce, "Ba ta."

Da matar ta zo ta ɗora kwalin a ka, ƙofar falon tana da wani ƙarfe mai mayar da ita, sai Malam ya tashi ya riƙe mata har ta fita.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan. Ban sake tambayarsa ba, kuma ba don ƙarancin wuri ba ne. Da na sauke turmi ɗaya daga mota da kwalin ya shiga. Ba na so ne ya shiga gidan Gwarzo, inda kowa ke shiga ɗakin kowa, wani ya buɗe ya ga rabin jimla ya kai majalisa. Da ya ba ni amsar da ta yi mini daɗi sai na karɓe ta da sauri.

Mun yi kusan shekara a haka. Dangi sun ji daɗin sauyin. Yaya ya ce masa, "Yanzu ka kama sana'a, Malam mai tambaya ya zama Malam mai amsa." Kamfanin nasu bai yi ƙarfi ba, amma yana motsi. Malam ya rubuta wani tsari da ke haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibai ya fitar da na ɗaya har na ƙarshe, aikin da mu malamai ke kwashe sati muna yi da hannu. Makarantun da suka fara yarda a gwada musu na wajen Gwarzo da Kabo ne, shi ya sa ya dawo da kwamfutar nan ɗakina ya ɗora a tebur, na rufe ta da tsohon zane. Ya koya mini kunna ta da buga tambayoyin jarrabawar ajina, sai dai kullum shi ke fara zama ya buɗe, sannan ya tashi ya ba ni kujera. Ya rame, amma yana fara'a. Ya daina yi mini tambayoyi a kan tuwo. Ban lura ba a lokacin.

Wata Talata da damina ya hau babur zuwa Kabo ya ga wani shugaban makaranta. Ya ce zai biya gidanmu ya gaida iyayena. A hanyar dawowa mota ta same shi. Kafin la'asar aka kawo shi. Da aka dawo da babur ɗin washegari, ƙullin daddawar da mahaifiyata ta ba shi ya kawo mini yana nan ɗaure a baya.

Na shiga takaba a ɗakin nan, wata huɗu da kwana goma ba fita. Bayan sadakar bakwai Injiniya ya zo, Yaya ya rako shi har bakin ƙofata, ya tsaya daga waje. Ya yi gaisuwa mai tsawo. Sannan ya ce ba yanzu ba, amma na'urar ta kamfani ce, kuma uku kawai gare su.

Na ce daga bayan labule, "Ina roƙon alfarma a bar mini ita har in fita takaba."

Ya ce, "Ko shekara ce, Malama."

Ban gaya masa dalili ba. Ina so in zama ta farko da za ta karanta littafin, in san abin da ke ciki kafin wani ya sani. Littafin nan ne kaɗai wurin da maganarsa ta rage, da tawa ma, tunda ya rubuta.

Ranar da aka fara kawo wuta da rana na yaye zanen na kunna. Ta yi ƙugin da ta saba, sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar gilashin. A layin sama sunansa ne a rubuce. Layin ƙasa babu komai, yana jiran kalmar sirri. A gefe akwai wurin dannawa biyu, ɗaya na amincewa, ɗayan an rubuta kansal.

Wannan kalma na san ta. A kwaleji an taɓa kama wata 'yar ajinmu da takarda a ɗakin jarrabawa, mai tsaro ya ja jan layi biyu a kan duk abin da ta rubuta, ya rubuta kalmar a tsakani da manyan baƙaƙe. Shekararta guda ta tafi. Don haka na kiyayi wannan gefen kamar bakin rijiya.

Na fara da sunana. Ta ƙi. Na sa na yara ɗaya bayan ɗaya, na sa nasa, na sa alkawari, na sa falsafa da Hausa da Turanci, na sa fartanya. Duk wadda na sa sai ta yi wani ɗan sauti ta mayar mini da layin fanko. Wuta takan yi kwana biyu ba ta zo ba, in ta zo kuma ba ta daɗewa, sai na riƙa tara kalmomi a bayan littafin darasi ina jira. In mata sun shigo gaisuwa in mayar da zanen. In sun fita in yaye.

Ƙugin nan nata shi ne ya fi damuna, kuma shi nake so. Duk ranar Asabar ɗin da Malam ke gida da wannan sauti ɗakin ke cika. In na juya baya ina ninke kaya ga na'ura a kunne, sai jikina ya ba ni yana zaune a kujerar, har in rage motsi don kar in dame shi.

A wata na biyu Inna ta shigo ba sallama ta same ni a kai. Na yi mata bayani. Na zaci za ta ce in bari. Sai ta jawo tabarma ta zauna.

Ta ce, "Kin sa sunan da kakarsa ke kiransa?"

Ban ma san da shi ba. Ta faɗa, na sa, ta ƙi.

"Sa sunan gonarmu ta Durun. Can ya fi so yana yaro, don akwai ɗinya."

Ta ƙi.

"Wannan aba da taurin kai take, kamar mai ita. Sa sunan jan san nan da ya yi wa kuka da aka sayar."

Daga ranar, da an kawo wuta sai in ji takunta. Ta kawo sunan malamin allonsa, da na unguwar da aka yi masa kaciya, da wata kalma da yake faɗa yana ƙarami in yana son nono don bakinsa bai iya ba. A wata biyun nan na san yarintar mijina fiye da duk zamanmu. Wani lokaci ta faɗi kalma ta yi dariya, kafin in gama bugawa ta koma share ido da bakin mayafi. Ba ta sake tambayata ko akwai saɓo a ciki ba. Wata rana ta nuna gilashin da yatsa.

"Wancan ɗayan fa, ba kya taɓa shi?"

Na ce, "Na sokewa ne, Inna. In na taɓa, komai ya tafi."

Ta janye hannunta. "To kar ki kusance shi."

Kwanaki suka cika. Na yi wankan fita, aka yi sadaka, 'yan'uwana suka zo daga Kabo suka koma. Washegari Injiniya ya zo da mota. Wannan karon ya shigo ɗakin, Yaya na tsaye a bakin ƙofa. Na ga ba sauran abin ɓoyewa, na gaya masa komai, na miƙa masa littafin darasin da kalmomin da muka gwada, shafi shida. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu wuta, sai muka jira har bayan azahar.

Da akwatin ya fito, ya kai kibiyar kan kansal. Na ce, "Injiniya, kar ka," amma ya riga ya danna. Akwatin ya ɓace. Gilashin ya buɗe, ga komai a jere yadda Malam ke barinsa in zai ba ni kujera.

Ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Irin wannan ƙofar ba ta da sakata, Malama. Da kin aiko an tambaye ni."

Ya shiga nema. Aikin makarantu ne birjik, da wasiƙun kamfani, da tambayoyin jarrabawar ajina. Can ya samu ɗaya mai sunan littafin, ya buɗe. Shafi ɗaya ne da rabi. Na ce ya duba wani wuri. Ya duba ko'ina, ya ce zai duba faya-fayan da ke shago ma, kuma daga baya ya duba bai samu komai ba. Ya nuna mini inda na'urar ke rubuta ranar da aka taɓa abu na ƙarshe. Tun cikin yajin aikin nan ne, watanni kafin mu tashi.

Injiniya ya ce, "Na taɓa tambayarsa littafin nan a shago. Ya ce mini ya ajiye shi. Na ga kamar ba ya son zancen, ban sake tayarwa ba."

Kalmomin da ya gaya mini ne, ba ƙari ba ragi. Injiniya ya ji su yadda mutum ke ajiye aiki ya bar shi, ni na ji su yadda ake ba da ajiya. A bakina kuwa sau nawa na gaya wa mutane Malam ya ajiye aikin jami'a, ban taɓa haɗa biyun ba. Na yi ta komawa wannan hantsin. Bai yi mini ƙarya ba. Abin da ban sani ba shi ne ko ya gane yadda na ji shi ya ƙyale ni, ko kuwa jira yake in ce a'a, mu tafi da su, ko ba yanzu ba wata rana. Ya ɗan jima kafin ya ce in ba ta. Tsawon wannan jimawar nake aunawa har yau.

Inna ta leƙo ta gefen Yaya. Ta ce, "Ta buɗu?"

Na ce, "Ta buɗu, Inna."

"To karanta mini in ji."

Da Turanci ya rubuta, sai na riƙa mayar mata da Hausa. Ya fara da zauren gidansu, da fartanyar da ke rataye, da ƙotar da ta karye, da ruwan da aka sake a maƙera. Ya kawo tambayar. A ƙasa ya fara wata jimla, cewa ya taɓa yi wa wani mutum wannan tambaya a kan abinci, kuma amsar da ya samu ta fi ta littattafai da yawa. Bai kai ga amsar ba.

Inna ta ce, "Ta mahaifinsu ce mana. Wa ya ce ba tasa ba ce? Ci gaba."

Na ce, "Iyakarsa ke nan."

Ta dubi gilashin, ta dube ni. "Duk shekarun nan?"

Ba ta sake tambaya ba. Ban taɓa gaya mata zancen kwalin ba har ta rasu.

Injiniya ya ce zai buga mini shafin a takarda ya aiko, kuma ya aiko. Ya kashe na'urar, ƙugin ya tsaya. Ya zare wayoyin ya naɗe, ya rungumi gilashin a ƙirji, Yaya ya ɗauki sauran. Hannuwansu duka a cike suke, sai na tashi na ɗage musu labule har suka fita.